Daga littafin ma'aji zuwa manhaja: yadda ƙungiyoyin Maradi ke riƙe masu tallafa musu

Tun kafin kwamfuta ta shigo ofisoshin Maradi, ƙungiyoyi sun san darajar rubuta suna. Dokar da ta tsara kafa ƙungiyoyi a Nijar ta fito ne a 1984, amma abin da ya fi koya wa mutane riƙe lissafi shi ne asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maradi a 1991. Akwati, makulli, zubin mako-mako, kowace mace an san abin da ta zuba da abin da ta ranta. Wannan tsari ya bazu har ƙasashe da dama, alhali ba shi da intanet ko wutar lantarki.

Yunwar 2005 ce ta kawo sauyi na biyu. Ƙungiyoyin agaji suka cika gari, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar, da yawansu a Maradi. Da su aka shigo da Excel da rahoton wata-wata. Sai dai a lura: sunayen da aka riƙa tarawa na masu karɓar taimako ne. Masu bayarwa kuwa, sunayensu na can Paris da Geneva, a cikin manhajojin da aka gina musamman don tuna wane ya ba da nawa, yaushe, an gode masa ko an manta.

Irin waɗannan manhajoji sun daɗe. Kamfanin Blackbaud na Amurka ya fara a 1981, kamfanin Salesforce kuma, wanda ke ba ƙungiyoyin agaji lasisi 10 kyauta, ya fara a 1999. Manhajar CiviCRM ta fito a 2005, kowa na iya ɗauka ba biya. To me ya hana su kama ƙasa a nan? An ɗinka rigar ne da awon wani. Manhajar tana zaton mai tallafi yana da imel da katin banki. Mai tallafin Maradi kuwa alhaji ne a babbar kasuwa da zai aiko buhun gero da azumi, ko ɗan gari da ke Kano ko Kwatano da zai turo jika 20 ta kamfanonin tura kuɗi na Nita ko Al Izza, sannan ya bar saƙon murya a WhatsApp. Wani ma ba ya son a rubuta sunansa, don sadaka ce tsakaninsa da Allah. Ga kuma wuta: da Najeriya ta yanke wa Nijar layin lantarki a Agusta 2023, ofisoshi da dama sun koma kan takarda.

Akwai kuma batun amana. A 2020 ɓarayin intanet sun kwashe bayanan masu ba da gudummawa daga Blackbaud, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Lambar wayar alhaji ba abin yawo da ita ba ce.

Abin da ya dawo da maganar yanzu shi ne tsukewar kuɗin waje, musamman bayan Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji, USAID, a farkon 2025. Ƙungiyar da ta saba jiran kwangila ɗaya daga Turai dole ta waiwayi mutanen gida. A nan ne gurgunta ke bayyana, don galibi duk sanin masu tallafi yana cikin wayar mutum ɗaya, shugaba ko magatakarda. Ranar da ya tafi Yamai neman aiki, ko wayar ta faɗa ruwa, sai a koma tambayar wa ya ba da shinkafar bara.