Bindiga a hannu ba dalilin kutsawa cikin gida ba ce

Da yawa sun ɗauka mai bindiga in ya dawo ya tarar an ɓalle masa ƙofa, sai ya kutsa ya bi ɗaki-ɗaki. Kuskure ne babba. Na ciki ya riga ya laɓe, idonsa ya saba da duhun, kai kuwa da ka tsaya bakin zaure hasken waje ya tona ka. Ba ka ma san su nawa ne ba.

In babu naka a ciki, kada ka shiga. Ja baya inda kake hango ƙofar, ka kira lambar gaggawa ta 112, ka sanar da maƙwabta. Kada ka taɓa kwaɗon da aka fasa. In kuna ciki da iyali, ku taru ɗaki guda ku kulle, yatsanka nesa da kunamar bindiga har ka ga fuskar mai tahowa. Inuwar tsakar gida tana iya zama ɗanka ne ya fito fitsari.

Dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka a Arewacin Najeriya, ta yarda da kare rai da dukiya, amma ba cutarwar da ta wuce bukata ba. Harbin ɓarawon da ya juya yana gudu na iya jawo maka tuhumar kisan kai. Kafin 'yan sanda su ƙaraso, ajiye bindigar, su tarar da hannuwanka a fili.