Shanyewar ɓarin jiki ba shafar aljanu ba ce

Idan baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe farat ɗaya, har yau a gidaje da yawa sai a ce iska ce, a shiga hayaƙi da tofi. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake: ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai mata jini, wanda shi ya fi yawa, ko jijiyar ta fashe. Babban sanadinsa hawan jini, wanda kan kai 140/90 ko fiye mutum bai ji komai ba.

Ana da allurar da ke narkar da gudan jinin, amma galibi cikin awa huɗu da rabi da fara ciwon take amfani, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ba fashewa ba ce. Shi ya sa kwana a gida babbar asara ce.

A lura da lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibiti nan take. Addu'a a yi ta a hanya. Kada a ɗura wa mai ciwon ruwa ko rubutu, domin haɗiya kan gagara, ya shaƙe, ya zarce huhu. Kada a ba shi asfirin, in fashewa ce zubar jinin zai ƙaru. In ya suma, a kwantar da shi a gefensa.