Tasirin Intanet da Kafafen Sada Zumunta kan Iya Mu'amalar Ido da Ido

Iya mu'amalar ido da ido ita ce tarin dabarun da mutum ke aiki da su idan yana magana da wani a wuri ɗaya: sauraro, haɗa ido, karanta fuska da murya, sanin lokacin karɓar magana da lokacin yin shiru, da gyara zance nan take idan aka ga bai shiga ba. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 masana halayyar ɗan Adam da na sadarwa ke muhawara kan ko intanet na dusashe wannan iyawa. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ne ke amfani da intanet, wato kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya. Hujja mafi ƙarfi da bincike ya tara ta shafi yadda waya ke katse hirar da ake cikin yi, musamman tsakanin iyaye da yara ƙanana. Hujjar cewa wani zamani gaba ɗaya ya rasa iya magana da mutane kuwa tana da rauni.

Abin da hira ta ƙunsa

Hira aiki ne mai saurin gaske, ko da yake masu yinta ba sa lura. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ya auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a harsuna 10 na nahiyoyi daban-daban, ya gano matsakaicinta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Shirya kalma guda a ƙwaƙwalwa har ta fito baki kuwa yana cin fiye da rabin sakan. Ke nan mai sauraro ba ya jiran mai magana ya gama. Yana hasashen inda jimla za ta dire tun tana tsakiya, yana haɗa amsarsa, yana kuma lura da saukar murya da juyowar ido domin ya san ƙofa ta buɗe. Shirun da ya kusa sakan ɗaya bayan roƙo ko gayyata galibi ana fassara shi da cewa amsar "a'a" ce ke tafe.

A lokaci guda mai sauraro yana ciyar da mai magana da ƙananan alamu: gyaɗa kai, "to", "uhm", ɗaga gira, yamutsa fuska. Da su mai magana ke sanin ko ya ci gaba, ko ya maimaita, ko ya sassauta. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, kuma a wannan fanni ba su yi ƙari ba. Duk waɗannan abubuwa da yi ake koyonsu, tun daga goyo.

Akwai wata ƙididdiga da ta yaɗu cewa kalmomi kashi 7 ne kawai na saƙo, murya 38, fuska 55. Asalinta gwaje-gwajen Albert Mehrabian ne na 1967, waɗanda suka shafi furta kalma ɗaya tak da murya ko fuskar da ta saɓa mata. Ba su shafi hira gaba ɗaya ba, kuma shi kansa Mehrabian ya yi gargaɗi kan faɗaɗa su.

Tarihin muhawarar

Zargin ya girmi intanet. An yi wa tarho irinsa, an yi wa talabijin. Robert Putnam na Jami'ar Harvard, a nazarinsa na 2000 kan raguwar cuɗanya a Amurka, talabijin ya ɗora wa kaso mai tsoka na laifin.

Nazarin sadarwa ta na'ura ya fara ne tun kafin yawancin mutane su taɓa kwamfuta. A 1976 John Short da Ederyn Williams da Bruce Christie a Ingila suka kawo ra'ayin cewa kafafen sadarwa sun bambanta wajen yadda suke sa mutum ya ji abokin maganarsa na kusa da shi. A tsakiyar shekarun 1980 Richard Daft da Robert Lengel suka jera kafafen bisa yawan alamun da suke ɗauka da saurin dawowar amsa: ido da ido a sama, sai tarho, sai rubutu a ƙasa. Joseph Walther ya ƙalubalanci wannan a 1992 da 1996. A ganinsa masu rubutu suna cusa alamun cikin zaɓin kalmomi da lokacin amsa, lokaci kawai suke buƙata, har ma shaƙuwa ta rubutu kan zarce ta zahiri saboda kowa na tace abin da zai nuna.

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne na Robert Kraut da abokansa na Jami'ar Carnegie Mellon, wanda aka wallafa a 1998. Sun bi mutum 169 a gidaje 73 na birnin Pittsburgh a shekara ɗaya zuwa biyu na farkon shigarsu intanet, suka ga yawan amfani da ita ya zo tare da ɗan raguwar hira da iyali da ƙaruwar kaɗaici. Da suka sake bibiyar mutanen, rahotonsu na 2002 ya nuna yawancin illar ta gushe. Sun kuma lura cewa masu son jama'a da waɗanda da ma ke da mutane a kusa su ne suka fi cin moriyar intanet. Rahoton farko ya sha yayatawa a jaridu. Na biyun bai samu rabin wannan ba.

Yanayin ya sauya da zuwan Facebook a 2004, Twitter a 2006, iPhone a 2007, WhatsApp a 2009 da Instagram a 2010. A da intanet na kan tebur a ɗaki guda, sai mutum ya tashi ya je mata. Daga nan ta koma aljihu, tana bin mai ita har wurin cin abinci da cikin taro. Sherry Turkle ta jami'ar MIT, a rubuce-rubucenta na 2011 da 2015, ta kafe kan cewa mutane na guje wa hira ne saboda ba a goge ta ba a gyara ta. Aikinta ya dogara ne kan tattaunawa da mutane, ba gwajin awo ba.

Abin da rubutu ke zubarwa

Saƙon rubutu ba shi da murya, ba shi da fuska, kuma amsarsa na iya zuwa bayan sakan biyar ko bayan kwana biyu. Mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa lokacin da yake bugawa, sai ya ɗauka mai karatu ma yana jin ta. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokansu sun gwada wannan a 2005: masu aika imel sun zaci za a bambance gatse da magana ta gaskiya a kusan kashi 78 cikin ɗari na saƙonninsu, amma masu karɓa kashi 56 kawai suka dace, abin da bai fi canki-canka da yawa ba. Da aka furta jimlolin da murya, wajen kashi uku cikin huɗu aka gane.

An daɗe ana neman cike wannan giɓi. Scott Fahlman ya ba da shawarar alamar murmushi ta :-) a 1982 don a riƙa gane raha, Shigetaka Kurita kuma ya zana emoji 176 wa kamfanin NTT DoCoMo na Japan a 1999. Suna taimakawa, sai dai da gangan ake zaɓarsu, alhali fuska kan tona abin da mai ita bai yi niyya ba.

John Suler ya bayyana a 2004 yadda ɓoye suna, rashin ganin juna da jinkirin amsa ke sa mutum sakin baki, wani lokaci wajen faɗin damuwarsa, wani lokaci wajen zagi. Gwajin Noam Lapidot-Lefler da Azy Barak na 2012 ya nuna rashin haɗa ido ya fi ɓoye suna tasiri wajen tunzura cin mutunci.

Waya a tsakiyar hira

Nan ne illar ta fi fitowa fili. Idan mai sauraro ya sunkuyar da kai kan allo, ido ya yanke, gyaɗa kai ya tsaya, "to" ɗinsa ya zo a makare ko a inda bai dace ba. Mai magana sai ya rage murya, ya gajarta labari, ko ya bar shi a tsakiya da "ba komai, ka gama tukuna". Ryan Dwyer da Elizabeth Dunn na Jami'ar British Columbia tare da Kostadin Kushlev sun raba mutum sama da 300 da suka je cin abinci da 'yan uwa ko abokai gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu waya na kan tebur, wasu an ajiye ta gefe. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna masu waya a kusa sun fi rarrabuwar hankali, sun kuma ɗan rage jin daɗin zaman.

Batun cewa ganin waya kawai, ko ba a taɓa ta ba, yana rage kusanci ya fito ne daga gwajin Andrew Przybylski da Netta Weinstein a Jami'ar Essex wajen 2012 zuwa 2013. Wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su samu sakamakon ba.

Yara ƙanana

Jariri da amsa-amsa yake koyon magana: ya yi gwalantu a tanka masa, ya nuna abu a faɗi sunansa. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta nuna a 2003 cewa jarirai 'yan wata tara a Amurka da suka yi zama 12 da masu magana da Sinancin Mandarin sun koyi bambance sautukan harshen, amma waɗanda aka kunna wa irin wannan zama a bidiyo ko a sauti ba su koyi komai ba. Wani gwaji na 2014 ya ƙara haske: yara 'yan shekara biyu zuwa biyu da rabi sun koyi sababbin kalmomi ta kiran bidiyo kai tsaye kamar yadda suka koya ido da ido, amma ba su koya daga bidiyon da aka naɗa ba. Abin da yaro ke buƙata shi ne wanda zai amsa masa a kan lokaci.

Saboda haka wayar da ke hannun babba na iya fin wadda ke hannun yaro illa. Jenny Radesky da tawagarta sun lura da masu kula da yara 55 a gidajen cin abinci na Boston, a rahoton 2014; 40 daga cikinsu sun fito da waya yayin cin abincin, kuma waɗanda suka fi nutsewa a cikinta sun fi mayar da martani da tsawa idan yaro ya nemi hankalinsu. A wani gwajin na 2017, uwaye 38 sun koya wa 'ya'yansu 'yan shekara biyu sababbin kalmomi biyu, aka katse ɗaya daga cikin darussan da kiran waya. Yaran sun riƙe kalmar da ba a katse ba, suka kasa riƙe ɗayar, duk da cewa yawan maimaitawar bai bambanta sosai ba.

Shin iyawar ta ragu?

Ana yawan kafa hujja da binciken Yalda Uhls da Patricia Greenfield na jami'ar UCLA na 2014. Ɗalibai 51 'yan aji shida sun yi kwana biyar a sansanin daji ba waya ba talabijin, aka kwatanta su da takwarorinsu 54 da suka ci gaba da zuwa makaranta. 'Yan sansanin sun fi samun ci gaba wajen gane fushi, tsoro, farin ciki da baƙin ciki a hotuna da bidiyo marar sauti. Adadin ƙarami ne, kuma sansanin ya haɗa da wasanni da aikin rukuni, don haka ba a iya ware tasirin rashin allo shi kaɗai. Saurin canjin ma yana nuna tsatsa ce irin ta wuƙar da aka daɗe ba a wasa ba, ba karyewa ba.

Bincike mafi girma shi ne na Douglas Downey da Benjamin Gibbs na 2020. Sun kwatanta yaran Amurka kimanin 19,000 da suka shiga makaranta a 1998 da wasu fiye da 13,000 da suka shiga a 2010, bisa makin da malamai da iyaye suka ba su kan yin abota, zama da wanda ya bambanta da su da danne fushi. Ba su ga raguwa ba. Ɗan ragin da ya bayyana yana wajen yaran da ke shiga wasannin intanet da kafafen zumunta sau da yawa a kullum.

Lokacin haɗuwa dai ya ragu. Jean Twenge da abokanta sun ruwaito a 2019 cewa matasan Amurka masu kammala sakandare a 2016 na yin kusan awa ɗaya ƙasa da na ƙarshen shekarun 1980 a kowace rana wajen cuɗanya ta zahiri. Amma a cikin bayanan nan, matashin da ya fi amfani da kafafen zumunta shi ne kuma ya fi fita wurin abokai. A Holand, Helen Vossen da Patti Valkenburg sun bi yara 942 masu shekara 10 zuwa 14, suka ga amfani da kafafen ya zo tare da ƙaruwar tausayi bayan shekara. A gwajin Hunt Allcott da abokansa, waɗanda aka biya su rufe Facebook na mako huɗu a 2018 sun samu rarar kusan awa ɗaya a rana, suka kashe wani ɓangare wajen iyali da abokai, wani ɓangaren kuma a gaban talabijin su kaɗai.

Masu tsoron shiga jama'a kan fi son rubutu saboda yana ba su damar shiri. Ko hakan matakala ce zuwa hira ta zahiri ko maɓoya ce daga gare ta, masana ba su daidaita ba. Kusan duk alƙaluman nan daga Amurka da Turai suka fito.

Kiran bidiyo

Kiran bidiyo yana dawo da fuska da murya, amma da tangarɗa biyu. Ta farko jinkiri: ƙa'idar ITU ta fi son kada sauti ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne sakan ɗaya) kafin ya isa ɗaya ɓangaren, kuma da zarar ya haura 400 karɓa-karɓar magana kan rikice, mutum biyu su fara tare su yi shiru tare. Wani bincike na Jamus na 2014 ya gano jinkirin sakan 1.2 ya isa ya sa a ɗauki abokin magana a matsayin marar mai da hankali, alhali laifin layi ne. Ta biyu ido: kyamara na sama, fuskar abokin magana na ƙasa a allo, don haka wanda ya kalli fuska sai a ga kamar ya kau da kai. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya lissafa a 2021 dalilai huɗu na gajiyar tarukan bidiyo: manyan fuskoki dab da ido, kallon kai na tsawon lokaci, rashin motsi, da wahalar aikawa da karanta alamu da gangan. Ya ba da shawarar rage girman tagar, ɓoye hoton kai, matsar da kyamara nesa, da komawa sauti zalla lokaci-lokaci.

Matakan hukumomi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a jagorarta ta 2016, ta keɓe kiran bidiyo daga hanin da ta yi wa 'yan ƙasa da wata 18. Faransa ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta tun 2018, Ostireliya kuma ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta a ƙarshen 2024.