Gansakuka: Suna Ɗaya, Halittu Daban-daban

Duk abin da muke kira gansakuka abu ɗaya ne?

A'a. Koren da ke lulluɓe kududdufi da damina, da laushin da ke fitowa a bangon rijiya, da ɓawon nan mai launin toka da ke manne a jikin dutse, ido ne kawai ya haɗa su. Na kan ruwa yawanci alga ne, wato halittar ruwa mai kama da tsiro amma marar saiwa da ganye, ko ma ƙwayoyin bakteriya masu kore. Na bangon rijiya sau da yawa mos ne, ɗan ƙaramin tsiro mai ganyaye, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Na jikin dutse kuwa, wanda masana ke kira laiken, shi ne abin mamaki: halittu biyu ne ke zaman tare, funfuna tana ba da mafaka, alga yana samar da abinci daga hasken rana. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan Simon Schwendener ne ya fara faɗin haka a 1867, kuma abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda da shi a lokacin.

Mu kaɗai ne muke wannan haɗe-haɗen?

Turawa sun fi mu. Abin da suke kira "mos ɗin Sifaniya" ba daga Sifaniya yake ba, ba kuma mos ba ne. Yana rataye a rassan itatuwa a kudu maso gabashin Amurka, a Luwiziyana da Jojiya, yana fure, kuma ɗan'uwan abarba ne. A da, an daɗe ana cusa shi a katifa da kujerun mota. "Mos ɗin Ayalan" jan ciyawar teku ce da ake tsinta a gaɓar Tekun Atilantika, ana fitar da sinadarin karajinan daga cikinta don kaurara askirim. Wanda suke kira "mos ɗin barewa", da barewar arewacin Turai ke tonowa a ƙarƙashin ƙanƙara, kuma laiken ne.

To, mene ne illar hakan?

A nan ne hankalina ya fi tashi, domin abin ya shafi ciki. A gefen Tafkin Chadi, matan Kanembu suna tace koren ruwan tafkunan kanwa, su shanya shi a kan yashi har ya bushe, su kai kasuwa. Suna kiransa dihe, ana zuba shi a miya, kuma yana da furotin sosai. Bakteriyar spirulina ce. Amma akwai 'yar'uwarta, Microcystis, wadda ke fitar da guba mai lalata hanta, kuma tana kashe dabbobin da suka sha ruwan da ta cika. Dukansu biyu mai kallo zai ce gansakuka ce.

Makiyayi zai iya bambancewa?

Da ido kaɗai, da wuya. Idan ruwan tafki ya yi kauri kamar an kwara masa koren fenti, musamman lokacin zafi, yana kuma wari, a kora garke zuwa wani mashayin, kada a bar yara su shiga.