Ƙarancin jini a jikin tsofaffi

Ƙarancin jini shi ne raguwar himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska mai amfani daga huhu zuwa sassan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar a giram 13 cikin kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ga namiji, giram 12 ga mace. Shekaru kaɗai ba sa sauko da jini ƙasa da haka, don haka jingina kasala, jiri da haki ga tsufa kuskure ne da ke jinkirta magani.

Ga tsoho, jinin yakan tsiyaye ne ta ciki ba a gani. Ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a hannun masu talla a Yamai da Tawa, suna cin bangon tumbi. Baƙin kashi mai ƙyalli alamar haka ce. Akwai kuma ciwon ƙoda, dajin hanji, zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya ga mazauna bakin Kogin Kwara. Bitamin B12, wanda jiki ke bukata wajen haɗa jini, na raguwa idan tumbi ya daina fitar da isasshen ruwan narkewa, ko an daɗe ana shan metformin na ciwon suga.

Jini na ja baya, ƙarfi na bin sa. Ma'aunin raunin tsofaffi da likita Linda Fried ta Amirka da abokan aikinta suka fitar a 2001 yana duba abu biyar: ramar kilo 4.5 a shekara ba da niyya ba, gajiya, raunin damƙa, jan ƙafa, da rage motsi. Mai uku daga ciki ya shiga rauni, faɗuwa ɗaya na iya kwantar da shi.

Wanda haƙora suka zube yakan koma wa fura da kunu zalla. Gero na da sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, amma jiki ba ya zuƙar da yawa, shayi kuma bayan cin abinci yana ƙara toshe hanyar. A ba da tazarar awa ɗaya. Tsoho mai kilo 60 yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 72 a rana, sai dai in ƙoda ta taɓu. Abincin da ya dace shi ne hanta, dakakken kifi, ƙwai, wake da ya nuna luɓus, nono, zogale da aka matsa wa lemun tsami.

Ƙwayar maganin sinadarin ƙarfe na jawo taurin bayan gida, ana kuma ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya daidaita. Kada a fara ta kafin awon jini da gano inda yake tsiyaya.