Ray Charles: Tambayoyi kan yaron da ya makance yana ɗan shekara bakwai

Wane ne shi, kuma mene ne R&B ɗin da ake jingina masa?

Cikakken sunansa Ray Charles Robinson. An haife shi ranar 23 ga Satumba, 1930, a garin Albany na jihar Jojiya a kudancin Amurka, amma a Greenville da ke jihar Fulorida ya yi wayo. Da ya shiga sana'ar waƙa da kiɗan fiyano sai ya ajiye "Robinson", don kada a riƙa haɗa shi da ɗan damben nan Sugar Ray Robinson.

R&B kuwa, wato "rhythm and blues", kiɗan baƙaƙen Amurka ne mai ganga da fiyano da ƙahonni, wanda ya samo asali daga waƙoƙin kukan zuci na bayi da jikokinsu. A da, kamfanoni suna kiran fayafayansa da sunan da ke nuna launin fatar masu shi. A 1949 ne mujallar Billboard ta sauya sunan zuwa wanda aka sani yau.

Da makantar aka haife shi?

A'a. Ya ga duniya da idonsa, kuma cikin abubuwan ƙarshe da ya gani har da abin da ba a so yaro ya gani. Yana ɗan shekara biyar, ƙanensa George ya faɗa bahon wankin mahaifiyarsu ya nutse, shi yana tsaye, ƙarfinsa bai kai ya tsamo shi ba. Ba a jima ba ganinsa ya fara dishewa, ya zuwa shekara bakwai ya tafi gaba ɗaya. Ana kyautata zaton hawan jinin ido ne.

To wa ya riƙe shi?

Mahaifiyarsa Aretha, wadda ake kira Retha, matalauciya ce mai wankau. Uban ba ya nan. A ganina ita ce ginshiƙin labarin nan duka. Ta ƙi yarda a mayar da ɗanta abin tausayi. Tana sa shi shara da ɗebo ruwa da faskare, maƙwabta suna ganin ta cika tsanani, ita kuwa ta san ba za ta dawwama tare da shi ba. A 1937 ta danne zuciyarta ta tura shi makarantar kwana ta kurame da makafi a St. Augustine, nesa da gida. Ko a can, cikin yaran da ba sa ganin launin juna, an ware baƙaƙe daban, farare daban.

Duk lokacin da na ga an riƙe wa yaro makaho sanda ana zagayawa da shi bara a tasha, matar nan nake tunawa. Ba ta fi iyayenmu abin hannu ba, makaranta kawai ta samu ta kai shi.

Ta rasu a 1945, yana da shekara 14. A shekarar nan ya bar makaranta.

A makarantar ya fara kiɗa?

Tun kafin nan. A Greenville akwai wani mai shago, Wylie Pitman, da ke da fiyano a shagonsa, yakan ɗora yaron kan kujera ya bar shi ya taɓa. Makaranta ce dai ta ba shi ilimin abin. Ya koyi karanta rubutun kiɗa da rubutun makafi, kuma aikin ba wasa ba ne: hannu ɗaya yana shafa takarda, ɗayan yana kan fiyano, sai ya haddace, ya sauya hannu, sannan ya haɗa biyun da ka. Wannan haddar ce daga baya ta sa yake iya tsara wa kowane mai ƙaho abin da zai busa ba tare da ya duba komai ba.

Yaya ya fito fili?

Da ƙyar. Ya yi ta yawo tsakanin Jacksonville da Orlando da Tampa yana kiɗa a gidajen rawa, wata rana a ci, wata rana a kwana haka. A 1948 ya hau motar haya ya nufi Seattle, don ita ce babban birni mafi nisa daga Fulorida da aka iya nuna masa a taswira. A can ya haɗu da wani yaro mai son busa, Quincy Jones, abotar da ta kai su har tsufa. A can kuma ya faɗa shan muguwar ƙwayar nan heroin, bai rabu da ita ba sai 1965.

Faifansa na 1949 ya karɓu, sai dai muryar aro ce. Nat King Cole da Charles Brown yake kwaikwayo, har mai sauraro kan ɗauka su ne. A 1952 kamfanin Atlantic na Ahmet Ertegun ya sayi kwantiraginsa kan dala 2,500, aka sakar masa mara ya nemo muryarsa.

Me ya sa mutanen coci suka yi fushi da shi?

Saboda inda ya samo muryar. A Nuwamban 1954 ya naɗi waƙar "I Got a Woman" a Atlanta. Karin waƙar ibada ce ta cocin baƙaƙe, da irin kiran da jagora kan yi jama'a su amsa, sai ya cire sunan Ubangiji ya sa zancen mace. Ga masu ibada wannan keta alfarma ce, kuma ban ga laifinsu ba, don kowa yana da abin da ba ya so a kai masa dandali. Shi kuwa yana ganin da wannan sautin ya tashi, ba shi da wani. Waƙar ta hau saman jerin R&B a 1955, kuma daga wannan haɗin ne salon da ake kira soul ya tsiro.

A 1959 ya ƙara da "What'd I Say", wadda ya ƙirƙira nan take a wani wasa da waƙoƙinsa suka ƙare lokaci bai cika ba. Wasu gidajen rediyo sun hana sa ta saboda nishin da ke cikinta, amma ita ce ta shigar da shi gidajen farare.

Ya ci moriyar wahalarsa, ko kamfanoni ne suka kwashe?

Mawaƙa baƙaƙe da yawa na zamaninsa sun mutu hannu rabbana. Shi ya yi wayo. Da zai koma kamfanin ABC-Paramount a ƙarshen 1959, ya sa sharaɗin cewa ainihin fayafayan da ya naɗa za su zama mallakarsa, abin da ba kasafai ake ba kowane mawaƙi ba a lokacin. A 1960 ya rera "Georgia on My Mind", ta zo ta ɗaya a ƙasar baki ɗaya, yana ɗan shekara 30. A 1961 ya ƙi hawa dandali a garin Augusta na Jojiya saboda an ware wurin zaman baƙaƙe, a 1979 kuma jihar Jojiyar ta mayar da waƙar nan taken jiha.