Tudun laka na ƙarƙashin teku ba dutse mai aman wuta ba ne

Wasu na ɗauka cewa duk tudun da ke amai a ƙarƙashin teku narkakken dutse yake fitarwa. Ba abin mamaki ba ne, domin siffarsu ta yi kama, amma tudun laka daban yake.

Abin da ke fitowa daga bakinsa laka ce da ruwan gishiri da iskar gas mai kama wuta da ake kira mitan, waɗanda nauyin ƙasar da ta danne su yake matsowa sama ta cikin tsaga, kuma galibi lakar ba ta da zafin ƙuna. A zurfin da ya kai mita 500, sanyi da matsin ruwa sukan sa gas ɗin ya daskare tare da ruwa ya zama farin ƙanƙara, wanda ba zai tsaya kusa da narkakken dutse ba. Masu bincike sun samu irin wannan a Baƙin Teku (Bahar Aswad) da zurfin tekun Neja Delta.

Mai son tabbatarwa ya duba hotunan tudun laka da ke doron ƙasa a ƙasar Azabaijan, inda mutane ke taɓa lakar da hannu, sannan ya nemi sakamakon awon zafin da masu binciken suka bayar. Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.